Kada Mu Ara Wa Hukuma Ashana

 

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar la'asar, wasu bayin Allah daga cikin jama'armu suka yi sallama a zauren dattijon da muke yi wa hidimar rubutu. Koke suka zo da shi, kuma koken nasu na gaskiya ne. Suka ce shagunan tura fim a waya sun cika unguwa, yaro kan miƙa dala ashirin a cika masa kati da abin da ubansa bai taɓa gani ba, 'yan mata kuma suna raba dare a kan littattafan soyayya da ake turawa ta WhatsApp. Suka roƙi a rubuta wasiƙa da Faransanci da sunan al'ummar Hausawa, a kai wa magajin gari da kwamishinan 'yan sanda, a nemi hukuma ta rufe shagunan, ta ƙwace fina-finan Hausa, ta hana yaɗa littattafan. Hujjarsu ita ce Kano ma, wadda take uwa a gare mu, haka take yi.

Dattijo ya saurare su har suka dasa aya, sannan ya ce a ba shi lokaci. Da yake alƙalamin da zai rubuta wasiƙar a hannunmu yake, nauyin shawara ya hau kanmu. Mun faɗa a zaure, muna kuma maimaitawa a bainar jama'a: ba mu goyi bayan wannan wasiƙa ba, kuma muna roƙon kada a rubuta ta.

Kafin hujja, bari mu ba masu koke haƙƙinsu. Mu ma iyaye ne. Mun riƙe allo, mun durƙusa gaban malamai da Ahalari da Iziyya da Risala, ba mu jahilci matsayin umarni da kyakkyawa da hani da mummuna ba. Mun san a cikin fina-finan nan akwai rawar da ido mai kunya ba ya iya tsayawa a kanta, akwai kuma rubuce-rubucen da masu su suka sayar da mutunci don neman masu karatu. Duk wannan ba mu musa ba. Saɓaninmu da 'yan'uwanmu a kan hannun da za a danƙa wa aikin gyaran ne.

Tunda da Kano aka kafa mana hujja, to mu je Kano mu duba. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin jihar ta dakatar da harkar fim. A 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i. A 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, aka tara littattafan hikayar Hausa a wata makarantar 'yan mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, aka cinna musu wuta a gaban jama'a. A wannan shekarar ce aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka ɗaure Adam A. Zango wata uku saboda faifansa na Bahaushiya, daga baya kuma aka nemi kowane marubuci ya yi rajista da hukuma kafin ya fitar da littafi. A watan Disamba na 2008 kotu ta yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ɗaurin wata goma sha biyar da tarar naira 300,000 a shari'ar da ta shafi fim ɗinsa Tsintsiya, fim ɗin da jigonsa zaman lafiya ne tsakanin ƙabilu da addinai. Ya shafe kusan wata uku a gidan kaso kafin a sake shi, kuma kowa ya san shekara guda kafin nan ya tsaya takarar gwamna. A 2009 aka haramta waƙoƙi goma sha ɗaya a zama guda, cikinsu har da Hasbunallahu ta Aminu Ala da abokansa, waƙar da ba rawa a cikinta, ba tsiraici, sai kai ƙara wurin Ubangiji a kan masu zalunci. A watan Mayu na 2025 kuma hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 a rana ɗaya, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin ba a kawo mata su ta tace ba kafin a sake su.

Mai hankali ya tsaya ya yi wa kansa tambaya biyu. Ta farko: me ya haɗa waƙar addu'a da batsa har doka ɗaya ta hau kansu? Abin da ya haɗa su shi ne, wanda aka ba ikon hana abin da ke ɓata tarbiyya, da sannu yakan fara ganin abin da ke ɓata masa rai a matsayin mai ɓata tarbiyya. Ta biyu: bayan fiye da shekara ashirin ana tacewa, ana ɗaurewa, ana ƙonawa, ina tsabtar da aka yi alkawari? Da maganin yana ci, da 'yan'uwanmu ba su zo zaure da wannan koke ba, domin kayan da suke kuka da su daga can ɗin suke fitowa. Da aka matsa wa masu fim a Kano, sai suka kwashe kayan aikinsu zuwa Kaduna, daga baya suka koma YouTube. Da kasuwar littafin takarda ta mutu, sai rubutu ya koma cikin waya. Littafin da aka ƙona a 2007 yana da sunan marubuci a bangonsa, da sunan maɗaba'a, da shagon da ake sayar da shi, kana iya zuwa ka yi wa mai shi nasiha ko ka kunyata shi a gaban sa'o'insa. Wanda ya maye gurbinsa a yau da sunan aro ake rubuta shi, ba wanda ya san ƙofar gidan mai shi. Garin neman gira an rasa ido.

Wani zai ce ai wannan kuskuren masu aiwatarwa ne, in aka samu mai tsoron Allah a kan kujerar, sai aiki ya yi kyau. To mu koma ga tarihin da muka ji a bakin malamanmu. 'Yan shekaru kafin hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, Sarkin Gobir Nafata ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ba wanda zai ƙara yin wa'azi sai Shehu shi kaɗai, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa. Shi ma Nafata a ganinsa ƙasa yake tsarewa daga fitina. A shekara ta 503 bayan Hijira, wato 1109, a birnin Kurɗuba na Andalus, aka ƙona Ihya'u Ulumiddini na Imamu Gazali da umarnin sarkin Murabiɗuna Aliyu bin Yusuf, kuma malaman fiƙihu ne suka ba da fatawar. Ba jahilai ba ne, ba kuma fasiƙai ba. Littafin da suka ƙona, ga shi yau a zaurukan Jugu da Paraku ana karanta shi da alwala. Shi kuwa Imamu Malik, wanda akasarinmu a mazhabarsa muke, an yi masa bulala a Madina saboda fatawar da ba ta yi wa masu mulki daɗi ba. Amma da halifa ya nemi ya ɗora wa dukkan Musulmi bin Muwaɗɗa da ƙarfin sarauta, sai ya ƙi, bisa dalilin sahabbai sun watsu cikin ƙasashe, kowace ƙasa da ilmin da ya iso mata. Mutumin da aka yi wa tayin a tilasta littafinsa ya ƙi, yaya mabiyansa za su riƙa zarya ƙofar hukuma suna roƙon a ƙone na wasu?

Mu dawo gida. Ƙasar nan da muke zaune a cikinta ta ɗanɗani hani kala-kala, kuma kakanninmu suna cikin waɗanda suka fara ɗanɗana. A zamanin Faransa, lokacin ana ce mata Dahomai, kumandan yakan buɗe wa kowane malami sananne takardar bayani: sunansa, ɗariƙarsa, yawan almajiransa, inda ya yi karatu da wanda yake ziyartarsa. Littattafan Larabci da ke shigowa sai an bincika su. A 1911 Gwamna Janar William Ponty ya cire Larabci daga hukunce-hukuncen kotunan gargajiya da wasiƙun mulki. A 1934 aka kafa dokar Laval, wadda ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da Faransa ke mulka sai da izinin gwamna. Saboda wannan doka ce Paulin Soumanou Vieyra, haifaffen Porto-Novo, ɗaya daga cikin magabatan fim a Afirka, sai a birnin Paris ya ɗauki fim ɗinsa na 1955 tare da abokansa. Bafaranshe René Vautier da ya nuna zaluncin mulkin mallaka a fim ɗinsa Afrique 50, ɗauri ya sha, fim ɗin kuma ya yi shekaru arba'in a haramce. Louis Hunkanrin, ɗan jarida ɗan wannan ƙasa, shekara goma ya yi a tsare a Muritaniya bayan tarzomar Porto-Novo ta 1923.

Bayan 'yancin kai ma ba a huta ba. Sa'o'inmu suna tune da zamanin juyin juya hali na Janar Mathieu Kérékou, lokacin da jaridar kullum guda ɗaya ce a ƙasa, Ehuzu, ɗalibi kuma kan iya kwana a tsare saboda takardar da aka samu a jakarsa. Barikin Séro Kpéra da aka riƙa tsare irin waɗannan mutane ana tuhumarsu, a cikin garin Paraku yake, muna wuce shi safe da yamma, kurkukun Segbana kuma ba nisa gare shi da mu ba. Sai da aka yi Babban Taron Ƙasa a Kwatano a watan Fabrairu na 1990 sannan baki ya buɗe. Tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 ya tabbatar da 'yancin addini da na faɗin ra'ayi, sashe na 11 kuma ya ba kowace al'umma ta ƙasar nan damar amfani da harshenta, a baki da a rubuce, da raya al'adunta. Wannan sashe garkuwa ne ga irinmu. Duk da haka mun ga yadda hukumar kula da kafofin watsa labarai, HAAC, ta dakatar da jaridar La Nouvelle Tribune a 2018 da kafofin La Gazette du Golfe a watan Agusta na 2023. Mun wayi gari ranar zaɓen 'yan majalisa, 28 ga Afrilu 2019, babu intanet. Mun ga an yanke wa ɗan jarida Ignace Sossou ɗaurin wata goma sha takwas a watan Disamba na 2019 ƙarƙashin dokar sadarwar zamani, saboda kalaman wani babban jami'in shari'a da ya wallafa, ya yi wata shida a kurkuku kafin ya fito. Ba muna kawo waɗannan don tsokanar kowa ba. Muna kawo su ne don mai neman a ƙara wa hukuma wata wuƙar ya san cewa waɗanda ke hannunta ma ba a cikin kube suke kwana ba.

Yanzu mu zo ga abin da ya keɓance mu. Kano jiha ce ta Hausawa Musulmi, mai tacewa da wanda ake tace wa harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, amma ga abin da ya faru. Mu kuwa tsiraru ne a jamhuriyar da tsarin mulkinta ya ce ba ruwanta da addinin kowa. A ce wasiƙarmu ta karɓu. Wa zai zauna ya kalli fim ɗin ya yanke hukunci? Jami'in da wataƙila daga kudu aka turo shi, ba ya jin Hausa, ba ya bambanta waƙar biki da waƙar bege, ba ya bambanta littafin soyayya da na fiƙihu in duka daga Kano suka zo cikin kwali ɗaya. Dole ya nemi tafinta, tafintan kuma ɗayanmu ne, mai ɗariƙarsa ko ƙungiyarsa, mai abokan gabarsa a kasuwa. Mun san halinmu. Ranar da aka buɗe wannan ƙofa, wanda ya kai ƙarar mai shagon fim yau, gobe wa'azin malaminsa za a kai ƙara, jibi kuma littafin da ake karantarwa a islamiyyar unguwarsu.

A kuma duba lokacin da muke ciki. Tun ƙarshen 2021 hare-haren 'yan bindiga suka addabi Alibori da Atakora, musamman kewayen dazukan W da Pendjari, dangantaka da Nijar kuma ta yi tsami tun juyin mulkin Yuli 2023. Duk mai tafiya tsakanin Malanbil da Paraku da rawani a kansa da littafin ajami a jakarsa ya san irin kallon da akan yi masa a shingen bincike. A irin wannan yanayi ne za mu sa hannu, mu buga hatimin al'umma, a kan takardar da ke shaida wa hukuma cewa abin da ke shigowa daga Nijeriya cikin harshen Hausa haɗari ne da ya kamata a ƙwace? Takarda ba ta mutuwa a ofis. Wanda zai zaro ta bayan shekara biyar ba zai tambayi niyyarmu ba, abin da muka rubuta zai karanta.

Akwai kuma asarar da masu koke ba su lissafa ba, ita ce ta harshe. 'Ya'yanmu da Faransanci suke karatu a lakwal. A kasuwar Arzeke da titunan Jugu, Dandanci ne ke tafiyar da ciniki. A gidaje da yawa na zango, jika yana jin Hausa amma da Dandanci yake amsa wa kakarsa. A ina yaron Paraku yake jin Hausa mai tsawo, da karin magana da zaurance da gaisuwar surukai, in ba a waɗannan fina-finai ba? Mata nawa ne a cikin gidajenmu suka iya karatun Hausar boko ta hanyar littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, alhali ba wata makarantar da ta koya musu? Idan 'yan sanda suka kwashe na Hausa, wayar ba za ta zauna fayau ba. Fina-finan Indiya da na Amurka ta Kudu da ake fassarawa da Faransanci suna nan, ba kuwa wanda zai taɓa su, domin ba mu da bakin da za mu nemi a hana su. Sai mu wayi gari ɓarnar tana nan yadda take, Hausar ce kaɗai ta tafi.

To me za a yi? Zama za mu yi mu naɗe hannu? Sam. Masu shagunan nan ba baƙi ba ne, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, mun san iyayensu, a bayanmu suke salla. Dattawa su kira su zaure, a yi yarjejeniya a gaban limamai: ba tura wa ƙaramin yaro komai sai da sanin na gaba da shi, ba ajiye batsa a na'ura ko da wane harshe ce. Wanda ya karya alkawari, jama'a su janye masa ciniki, wannan hukunci ne da ke hannunmu, ba ya bukatar hatimin kowa. Wanda kuwa aka kama yana nuna wa yara batsa, wannan laifi ne da dokar ƙasa ta riga ta tanadar wa hukunci, akwai dokar kare yara ta 2015. A kai shi shi kaɗai, da sunansa da shaidu, ya kare kansa gaban alƙali. Tsakanin gurfanar da mai laifi guda da haramta kayan al'umma ɗungurungum akwai tazara mai nisa.

Malamanmu kuma, Allah Ya ƙara musu lafiya, muna roƙonsu da ladabi su karanta kafin su yi hukunci. Al'adar malamanmu ita ce raddi: littafi ya fito, a amsa shi da littafi. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta ga matan karkara sun shaƙu da bori da waƙoƙinsa, waƙoƙin ilmi ta tsara da Hausa da Fulatanci, ta naɗa jajis, ta tura su ƙauyuka suna koyar da 'yan taru. Har yau ana cin amfanin wannan aiki. Wannan shafi ma zai iya ɗaukar nasa rabon: duk wata a ɗauki fim ɗaya ko littafi ɗaya da ke yawo a unguwa, wanda ya kalla ko ya karanta ya yi sharhinsa, ya faɗi inda ya gyara da inda ya ɓata, don uwa ta san abin da ke hannun 'yarta. Iyaye kuma mu ji tsoron Allah. Wanda ya saya wa ɗan shekara goma sha biyu waya, bai taɓa tambayarsa me ke ciki ba, ba shi da hujjar ɗora wa kwamishinan 'yan sanda aikin da Allah Ya ɗora masa.

Abu na ƙarshe shi ya fi mana ciwo. Muna kukan abin da Kano ke aiko mana, mu me muka rubuta? Kakanninmu fatake ne da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, suka yada zango a Nikki da Paraku da Jugu, wasu suka zauna suka haife mu. Labarin madugai da jakuna da kanwa da goro, da yadda aka kafa masallatan zango, da auratayyarmu da Dandawa da Bargawa, duk yana bakin tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A cikin samarinmu akwai masu wayar da za ta iya ɗaukar fim, a cikin 'yan matanmu akwai masu alƙalami. Kuɗin mota da na hatimi da za a kashe wajen bin wasiƙar hani daga ofis zuwa ofis, da an sayi littattafai da su an ajiye a zaure, da an biya wani yaro ya zauna gaban tsoho ya naɗi maganarsa, da ya fi mana amfani duniya da lahira.

Dattijo ya sa a sake zama ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya kuma ce a gayyato masu shagunan da iyaye mata su aiko da wakilansu. Muna roƙon waɗanda suka kawo koke su zo, su zo da hujjojinsu, ba mu ɗauke su abokan gaba ba, damuwarsu damuwarmu ce. In jama'a ta ga a rubuta yarjejeniya tsakaninmu da 'ya'yanmu, alƙalaminmu a shirye yake tun daren Alhamis. Amma wasiƙar da za ta gayyato hukuma ta zaɓa mana abin da za mu karanta da abin da za mu kalla, muna neman afuwar iyayenmu, a nemi wani magatakardan.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa namu ne. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.